Kujerar Kwamishina da Auren Babanku

Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne lambar motar. Ina tsaye a ƙofar gidanmu na Dutse Alhaji ina zubar da ruwan wanke-wanke, damina ta yi nisa, layinmu ya zama taɓo kamar yadda ya saba, sai na hango wata baƙar mota mai baƙin gilashi tana lallaɓowa tsakanin teburin mai tumatir da shagon mai cajin waya. A jikin lambarta akwai tambarin gwamnatin jiharmu. Na daɗe a Abuja a lokacin, kullum ina ganin motocin manya a kan titi, amma ban taɓa ganin ɗaya ta shigo lungunmu ba. Ni kuwa kun san halina, littattafan soyayya ne suka raine ni, irin waɗanda muke karɓa haya a kasuwa mu ɓoye a cikin littafin lissafi. A cikinsu duk ranar da irin wannan mota ta tsaya a ƙofar gidan talaka, to rayuwar wata ta juya ke nan. Na ajiye baho, na gyara ɗaurin ɗankwali, ina cewa a raina yau kuma labarin wa za a fara. Motar ta tsaya daidai gabana, tayar baya ta nutse a kwata, aka buɗe ƙofa, sai ga Kawunku Isuhu, yayana, yana tattare babbar riga kada ta taɓa ƙasa.

"Saude, wane irin layi ne wannan kuke zaune a ciki? Ko agwagwa sai ta yi shawara kafin ta shigo."

"Sannu da zuwa, Yaya. Ai agwagin namu sun saba. Motar wa ka aro?"

"Aro? Shiga ciki, yarinya. Idan kin yi hankali, a irinta za a riƙa kawo ki gida."

Fa'iza, Mubarak da Nana, ku nake rubuta wa wannan babin, kuma zan gaya muku dalili. Ranar bikin Nana na ji Anti Larai, matar Kawunku, tana gaya muku a tsakar gida cewa da tuni uwarku ta yi kwamishina, babanku ne ya hana ta saboda kishi. Na ga yadda fuskar Mubarak ta canza. Babanku ba ya duniya balle ya kare kansa, kuma ko da yana nan ba zai buɗe baki ba, dariya kawai zai yi ya ɗauki hularsa ya fita. Saboda haka ni zan faɗa, tun ina da sauran ido da hannu.

A shekarar nan ina shugabar wata makarantar 'yan mata a kan hanyar Bwari, kuma ni ce shugabar ƙungiyar matan jiharmu mazauna Abuja. Idan gwamna ya zo gari ana taron 'yan jiha, ni ake miƙa wa makirfo in yi magana a madadin mata, kuma ban taɓa jin tsoronsa ba. Labarin da ke yawo a rediyo a watan shi ne gwamnanmu ya rushe majalisar kwamishinoninsa gaba ɗaya, ya ce kowa ya miƙa makullin ofis ga babban sakatare. Kawunku kuwa shi ne shugaban jam'iyya na ƙaramar hukumarmu. Da ya zauna ya sha ruwa, ya ƙi cin abincin da na kawo, sai ya jawo farantin goro gabansa ya fara rarraba shi kashi-kashi a kan tabarma.

"Kin san watanda, ko? A haɗa kuɗi a sayi sa, a yanka, a kasa, kowa ya ɗauki kashinsa. To haka majalisar gwamna take. Kowace ƙaramar hukuma tana da kashi ɗaya. Amma ba duk kashi ne ɗaya ba. Ayyuka, Kuɗi da Ƙananan Hukumomi, waɗannan su ne cinya da tsoka, dole a raba su tsakanin shiyyoyi uku kada wata ta yi kuka. Akwai kashin mataimakin gwamna, akwai na uban gidan da ya tsaya masa a zaɓe, akwai na 'yan'uwanmu Kirista na kudancin jiha. Wasu daga cikin tsofaffin za su dawo, amma a sauya musu ma'aikata, wanda yake Lafiya a kai shi Noma ya je ya huce. Wasu kuma sun tafi ke nan."

"Kwamishinan garinmu fa, na Ayyuka?"

"Shi ne farkon wanda ya tafi. Kuma tun da ya faɗi, garin ya rabu biyu, mutanensa suna cewa a ba ƙanensa, ɗaya ɓangaren suna cewa sai dai a mutu. Gwamna ya gaji. Ya ce a nemo masa wanda ba ya cikin rigimar, kuma ya yi wa mata alkawarin kujeru. Sai na ce, ranka ya daɗe, ina da ƙanwa a Abuja. Ya ce wadda take ƙwace makirfo? Na ce ita."

Ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare shi biyu, ya ce za a raba Ma'aikatar Ilimi, manyan makarantu a gefe, firamare da sakandare a gefe, ya ɗora mini ɓarin firamare da sakandare a tafin hannu. Ba zan yi muku ƙaryar kunya ba, na so kujerar nan, kuma na san zan iya ta. Kafin ya gama magana na riga na ga kaina a makarantar 'yan matan garinmu, inda na yi karatu, wadda iska ta yaye rufin ajujuwanta aka bar yara suna zama a gindin darbejiya. Na ga sabon kwano yana ƙyalli a rana, na ga 'yan mata cikin fararen hijabai suna yi mini waƙar maraba, har launin leshin da zan saka ranar rantsuwa na zaɓa, ruwan zuma. Ina cikin wannan mafarki ne na lura Yaya yana ta juya hularsa a gwiwa.

"Akwai 'yar matsala ƙarama," in ji shi. "Dattawan gari sun ce kujerar ƙaramar hukuma ta 'yan ƙaramar hukuma ce. Ke kuma kin auri bare. Sun ce mace garin mijinta ne garinta, idan aka ba ki, Yangoji aka ba."

"To me ka ce musu?"

"Na ce musu auren ya mutu tun bara, kina shirin dawowa gida."

Na ajiye goron.

"Kada ki zare mini ido, Saude, na yi tunanin komai. Ba na so ki rantse da Alƙur'ani a kan ƙarya. Oga bakanike ya yi miki saki ɗaya, ɗaya tak. Ki koma ɗakin Inna, a tantance ki a majalisa, a rantsar da ke, kafin idda ta cika ya yi kome a asirce. Wa ya mutu? Idan kujera ta zauna, wa zai tsaya tambayar inda kwamishina take kwana?"

Sai na tsaya in gaya muku wane ne wannan da Kawunku yake kira oga bakanike, domin ku kun san shi a matsayin Baba, ba ku san shi da idona ba. Ina sabuwar malama, motar haya ta lalace da mu aka tura ta cikin garejin Apo. Ina zaune a kan wata tsohuwar taya ina karanta littafi, a cikinsa saurayi ɗan attajiri yana fitowa daga doguwar mota ƙamshin turare na binsa. Na ɗaga kai sai na ga mutum yana fitowa daga ƙarƙashin mota, baƙin mai har gwiwar hannu. Ya dube ni, ya tafi wajen randa ya wanke hannu da omo da yashi, ya duba, ya sake wankewa, ya sake dubawa, sannan ya zo ya ce sannu. Ba hannu zai ba ni ba, sannu kawai zai ce, amma bai yarda ya faɗe ta da dattin hannu ba. A nan na rufe littafin. Usman sunansa, Bagwari ne daga Yangoji, mahaifinsa manomin doya, rabin danginsa masallaci rabi coci, kuma ranar Sallah da Kirsimeti tukunya ɗaya suke ci. Hausarsa ta kasuwa ce, har ya koma ga Allah "kai" yake ce mini, ni kuwa ban taɓa jin kalmar da ta fi ta daɗi ba. Dangi sun yi ta surutu, amma mahaifina tambaya biyu ya yi, yana salla, yana da sana'a, da aka ce e ya ce a kawo sadaki. Kawunku ne kaɗai bai taɓa haɗiye abin ba.

Da la'asar Babanku ya dawo daga Apo ya tarar da motar a kwata, ya tara matasan layi suka ciro ta kafin ma ya san ta wace ce. Ya shigo ya durƙusa ya gaida Yaya kamar yadda ya saba. Kawunku bai ɓoye masa komai ba, ya maimaita maganar tiryan-tiryan kamar mai cinikin fili, har da cewa idan abu ya yi kyau gyaran motocin ma'aikata ma ba zai wuce Apo ba. Ina kallon Babanku ina jiran ya miƙe. A littattafaina nan ne namiji yake buga ƙirji ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai saki matarsa ba. Shi kuwa kallon tafin hannunsa ya yi ta yi.

"Yaya Alhaji, na ji," in ji shi. "A ba ni lokaci kaɗan."

Ranar Asabar ya tafi Yangoji duba gona bai ce in zo ba, ni kuma na bar ku wajen maƙwabciya na bi shi a motar haya. Na same shi a cikin doya yana gyara sandunan da ruwa ya kayar, ganye ya yi kore shar har gindin dutse, ƙafafuna suna nutsewa a kunya. Ya ga ni bai yi mamaki ba. Ya shimfiɗa mini buhu a gindin ɗorawa, ya zauna nesa kaɗan kamar baƙo.

"Hajiya, na yi tunani. Idan kai kana so, zan yi."

"Za ka yi me?"

"Abin da Yaya ya faɗa. Kai ka yi karatu, ka iya aikin nan, na sani. Makarantar garinku kullum kana maganarsa, har cikin barci. Ni mene ne? Bakanike ne. Wata uku ba shekara ba ne. Zan riƙe yara, zan kai su makaranta. Kada gobe a ce Usman ne ya tare maka hanya."

Wallahi raina ne ya fara ɓaci. Na ce masa ashe haka nake da arha a wurinsa, a ce ya sake ni ya ce to? Na yi ta faɗa, na kawo masa maganganun da na haddace tun ina budurwa, har tsuntsayen da ke kan ɗorawa suka tashi. Da na gaji na dube shi sosai, sai na ga hawaye yana bin gefen hancinsa, mutumin da ko ranar da injin mota ya faɗo masa a ƙafa ban ga hawayensa ba. A nan na gane abin da marubutan littattafaina ba su taɓa rubutawa ba. Wanda yake buga ƙirji kansa yake so. Wannan kuwa ya yarda ya yanke hannunsa ya miƙa mini don in hau.

"Usman, ka saurare ni," na ce. "Kalmar nan kada ta fito daga bakinka, ko da wasa, ko a mafarki. Aurena ba riga ba ne da zan cire in rataye in dawo in saka. Yaya ya ce gwamna zai gan ni ranar Talata a masaukinsa na Asokoro. Kai za ka kai ni, a motarka. Kujerar kuma zan karɓo ta da aurena a kaina, za ka gani."

Haka na yi imani, ku sani. Ban je don in ƙi kujera ba. Na je ne da tabbacin cewa idan na tsaya gaban gwamna na faɗi gaskiya da kyakkyawan lafazi, zai girgiza kai ya ce irin wannan mace nake nema, ya ba ni har da ƙari. A duk labaran da na karanta haka ake yi. Kawunku kuwa da na ce masa ya bar komai a hannuna, ya ɗauka an gama, har ya yi wa Inna waya ya ce a share mini ɗaki.

Ranar Talata da hantsi Babanku ya saka farar shaddarsa ta Juma'a, ya wanke tsohuwar motarsa har tana ɗaukar ido, ya kai ni. Masu gadi suka ce motar ba za ta shiga ba, ya ajiye ta a gindin wata bishiya a waje ya ce zai jira. Falon jira cike yake da maza, kowa da babbar riga da ambulan a hannu, kowa yana yi wa kowa murmushi ba ya so a san abin da ya kawo shi. Na ga tsofaffin kwamishinoni, waɗanda watan jiya ake buɗe musu ƙofa, yau suna matsa wa juna a kan kujera ɗaya suna miƙewa duk lokacin da ɗan aike ya wuce. Namu na Ayyuka yana can kusurwa yana jan carbi, ya rame, ya yi kamar bai gan mu ba. Wani yana raɗa wa wani cewa an ba shiyyar arewa Kuɗi, wani ya ce ƙarya ne, Lafiya aka ba su. Ni kaɗai ce mace, cikin leshina ruwan zuma, domin na ce ba sai ranar rantsuwa ba. Da aka kira mu, Yaya ya shiga gaba yana ta zuba kirari, gwamna ya ɗaga masa hannu ya nuna mini kujera.

"Malama mai makirfo. Na ji abin da ya faru da gidanki, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Yaushe za ki koma gida?"

Yaya ya juyo yana kallona.

"Ranka ya daɗe, gidana lafiya lau yake. Mijina yana waje a gindin bishiya, shi ya kawo ni. Sunansa Usman, mutumin Yangoji ne, bakanike ne a Apo, 'ya'yanmu uku. Aurena bai mutu ba kuma ba zai mutu don kujera ba. Amma aikin nan ina so, kuma na iya shi. A garinmu aka binne cibiyata, a makarantar da ba ta da rufi na yi karatu. Ka ba ni shekara biyu, idan ba ka ga canji ba ka kore ni a rediyo."

Gwamna ya dubi Kawunku, wanda gumi yake keto wa duk da sanyin ɗakin, sannan ya yi dariya har ya cire tabarau. Na ce a raina shi ke nan, ga wurin da labari yake juyawa.

"Malama, wallahi kin burge ni. Ni ba ni da matsala da mijinki, Allah ya bar ku tare. Amma mutane suna ɗauka gwamna ne yake naɗa kwamishina. Ni hannu kawai nake sawa. Sunanki majalisar dokoki zai je, kuma ɗan majalisarku ne zai fara miƙewa. Idan ya ce dattawansa sun ce ba tasu ba ce, sauran ba za su tsallake shi ba. Na sauke mutum ne don in kashe wuta a ƙaramar hukumarku, ba zan kunna wata da hannuna ba."

"To ranka ya daɗe, ina da tambaya. A garinmu an ce ni ta Yangoji ce saboda na yi aure. A nan Abuja idan ana rabon abin 'yan ƙasa, a ce ni baƙuwa ce daga jiha. Ina ne garin mace?"

Ya mayar da tabaransa.

"Wannan tambayar ta fi ƙarfin ofishina," in ji shi. "Ki gaida maigidan."

Ko tsakar gidan ba mu gama fita ba Yaya ya sha gabana.

"Kin kashe ni, Saude. Kin mayar da ni maƙaryaci a gaban gwamna. Saboda wa? Saboda mai wankin hannu da omo?"

"Saboda shi, Yaya."

Ya shiga baƙar motar nan ya ja ƙofa. Ni kuma na taka har waje, takalmina mai tsini yana cin ƙafata. Babanku ya hango ni ya miƙe, ya karanta fuskata tun daga nesa, bai tambaye ni komai ba. Ya zagaya ya buɗe mini ƙofar baya, ya ɗan rusuna kamar direban gwamnati.

"Kwamishina, bismilla."

Na rufe ƙofar bayan da kaina, na buɗe ta gaba na zauna kusa da shi, a nan ne kuka ya zo. Tun daga ranar bai sake kirana da wani suna ba. Kun tashi kuna jin yana cewa Kwamishina ya dafa shinkafa, Kwamishina ya ce a kashe talabijin, kuna dariya ba ku san daga ina sunan ya fito ba. To daga gindin bishiyar nan ne.

Bayan mako biyu muna karin kumallo aka karanto sababbin kwamishinoni a rediyo. Tsofaffi da dama sun dawo an sauya musu ma'aikatu kamar yadda Yaya ya faɗa. An raba Ilimi biyu, ɓarin da aka ɗora mini a hannu ya tafi wata shiyya, wajen wani lauya. Mata biyu suka samu shiga, ɗaya Harkokin Mata, ɗaya Muhalli. Ƙaramar hukumarmu kuwa, da aka rasa wanda ba ya cikin rigima, sai aka ba ƙanen tsohon kwamishinan, aka jefa masa Wasanni, daga cinya muka koma ƙashi. Mutanen gari suka ɗora laifin a kan Kawunku, kafin shekara ta zagayo suka tuɓe shi daga shugabancin jam'iyya. Don ya rage wa kansa kunya ne ya ce wa mutane mijina ne ya hana ni, maganar ta shiga gari ta zauna, har ta iso kunnenku a bikin Nana. Ya daina ɗaukar wayata. Idan na je gaida Inna, sai ya fita ta ƙofar baya. Ita kuwa Inna, Allah ya jiƙanta, abu ɗaya ta ce mini.

"Ni ban san kujera ba, Saude. Na dai share ɗaki, na kuma ji daɗi da ba ki zo kin kwana a ciki ba. Amma ɗan'uwanki ya ji ciwo, kada ki ce bai ji ba."

Ban ce bai ji ba. Kuma makarantar garinmu ta ƙara shekaru ba rufi, 'yan mata da yawa sun bar ta a wannan tsakanin, wasunsu na san iyayensu. Duk lokacin da na wuce ta sai na kawar da kai. Wannan shi ne kuɗin da na biya, ban kuma biya shi ni kaɗai ba, shi ya sa ba na son a mayar da labarin abin tafi. Amma ko yau aka dawo da ni falon nan, aka sake yi mini tambayar, amsar da na bayar ita zan bayar, da leshin da komai. Abin da kawai zan rage shi ne tsammanin za a yi mini kyauta saboda na faɗi gaskiya.

Sauran labarin Kawunku kun ga wani da idonku, amma kuna makarantar kwana, ba ku ga farkonsa ba. Shekaru bayan haka ciwon ƙoda ya kama shi, likita ya ce sai an riƙa yi masa wanki a babban asibiti a nan Abuja. Ya kira abokan siyasarsa masu gidaje a Maitama da Asokoro, wayoyinsu suka yi ta ƙara ba a ɗauka. Ni ban ma sani ba, Larai ce ta kira Babanku a ɓoye. Bai yi shawara da ni ba, ya rufe gareji, ya ɗauki mota ya tafi har garinmu ya ɗauko shi. A lokacin mun gama ginin Yangoji mun koma can, kuma ya fi kusa da asibitin, saboda haka a ɗakin Babanku aka sauke shi, shi kuma ya koma falo. Shi yake kai shi wanki ya dawo da shi, shi yake ɗaga shi ya kai shi bayi. 'Yan'uwan Babanku, na masallaci da na coci, suna aiko da doya da kaji ana cewa a kai wa surukinmu. Kada ku ɗauka Kawunku ya nemi gafara, bai nema ba, ba halinsa ba ne. Har ƙarshe oga bakanike yake ce masa. Sai dai ba ya cin abinci idan ba Babanku ne ya zauna kusa da shi ba, idan ya makara a Apo sai tuwon ya huce yana jira. Wata rana da yamma ina ba shi magani a ƙofar gida, ya dubi gonar doya ya dube ni.

"Ke dai Saude kin cuce ni. Da kin yi kwamishina, da yanzu a ƙasar waje ake wanke mini ƙodar nan."

Babanku yana gefe yana gyara masa matashi.

"Yaya Alhaji, sha magani. Kwamishina ya ba da oda."

Kawunku ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya kama hannun Babanku, hannun nan mai baƙin mai a gindin farce, ya riƙe bai saki ba har aka kira magariba.

A Yangoji ya cika, ranar wata Alhamis da safe. Hanya ta yi nisa, ba a kai gawa gida ba. Babanku ne ya yi masa wanka, ƙannensa suka haƙa kabari a maƙabartar garin, a cikin ƙasar da dattawanmu suka ce idan an ba ni kujera ita aka ba. Da lokacin Babanku ya yi, wurin da ya rage a layin shi ne na kusa da shi. Mubarak, idan ka je ziyara, kabarin da ke hannun daman na Babanku, mai dutse ja a kai, na Kawunku Isuhu ne. Ka yi musu addu'a tare, sannan ka zo ka gaya wa 'yan'uwanka wanda ya hana uwarku zama kwamishina.